Na Bakwai a Takardar Koke

Kwarin Ɗinya, ta Roni
3 ga Oktoba

Nafisat,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da sanyin ofishinku na Abuja. Mu nan lafiya, sai gajiyar kaka. Inna tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko 'yar yayanta ta manta hanyar gida ne. Matata Zaituna ma tana gaisuwa.

Kada ki yi wa wasiƙa dariya. Kin san waya ba ta shiga a garin nan sai an hau tudun bayan makaranta, kuma duk abin da mutum ya faɗa a can, kafin ya sauko an ji shi a bakin masallaci. Shi ya sa na ba Salisu direba ya kawo miki.

Shekara biyu ke nan tifofin Alhaji Maikasuwa suna kwasar yashi a rafinmu. Rijiyoyin bakin rafi sun ƙafe, gaɓar kuma sun rarake ta ta ƙasa. Ranar Laraba ta zabtare a kan Dela, matar Hamma mahauci, da 'yarta Khadijat, suna wanki. Da hannu da fartanya muka tono su. Dela ta riga ta cika, bakinta cike da ƙasa. Khadijat tana asibiti a Kazaure, ƙafa ɗaya ta karye gida biyu. Washegari, ana zaman makoki, tifa uku suka wuce ta ƙofar gidan suka nufi rafi.

Matasa suna maganar fetur da ashana. Kawu Ashiru, baffanki, shi ya tsaya a gabansu da sandarsa. Ya ce muna da 'ya da aikinta ke nan, koya wa mutane yadda ake magana da gwamnati, a tambaye ta tukuna. To ga shi na tambaya.

Taubashinki,
Musaddiƙ

*

Abuja
9 ga Oktoba

Bawana Musaddiƙ,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ka gaida Goggo, ka ce mata na san hanya, hutu ne ba ni da shi. Allah ya jiƙan Dela. Ita ta yi mini kitson zuwa jami'a, ta ja gashin har na yi hawaye, ta ce haka zai kai ni ƙarshen zango.

Tun da Baffa ya yaba aikina, bari in faɗa maka yadda yake. Ƙungiyarmu tana tara mutane a otal, mu haska musu majigi, mu nuna musu zane mai kibiyoyi daga talaka zuwa majalisa, a sha shayi, a ɗauki hoto, kowa ya tafi da jaka mai tambarinmu. Shekara shida ina wannan. Ban taɓa bin wata kibiya na ga inda ta sauka ba. Amma hanyar tana nan, kuma ta fi ashana.

Ku rubuta takardar koke zuwa majalisar jiha a Dutse, ta hannun akawun majalisa, domin kwamitin da ke sauraron koke-koken jama'a. Shafi ɗaya ya isa. Kada ka zuba musu Turancin malamin firamare, kada kuma ka zagi kowa. Ka faɗi ranar da abin ya faru, sunan wadda ta mutu, yawan rijiyoyin da suka ƙafe, sannan abu ɗaya da kuke nema: a dakatar da kwasar yashin, a turo masu bincike. Idan kuka haɗa da wutar lantarki da taki da rufin aji, za a yi muku addu'a a sallame ku.

Abin da ya fi komai shi ne sunaye. Takardar da ba suna, shara ce. Kowa ya sa cikakken sunansa da unguwarsa, ya dangwala yatsa a gefe, maza da mata. Ka yi kwafi biyu, ka kai da kanka, kada ka bar wurin sai an buga wa taka hatimi da kwanan wata. Daga nan ka aika wa ɗan majalisarku kwafi, don kada ya ce a rediyo ya ji.

Ka ce wa masu ashana su ba ni wata biyu.

Uwargijiyarka,
Nafisat

*

Kwarin Ɗinya
20 ga Oktoba

Nafisat,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya. An sallamo Khadijat, tana dogara sanda.

An yi yadda kika ce. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu suka dangwala, tawadar makaranta har ta ƙare. Tsara sunayen ne ya ci mana yini guda, don kin san ba a sa yaro gaban babba. Kawu Ashiru na ɗaya, Liman na biyu, Hamma na uku saboda shi aka yi wa rashi, sai dattawa uku na unguwanni. Ni aka sa na bakwai, wai ladan rubutu. Mata suna can ƙarshe.

Kafin mu tafi Dutse mun biya wa Wakilin dagaci. Na ce wa Kawu ba ki faɗi haka ba. Ya ce bai taɓa tsallake ƙofar magabaci ya kai magana gaba ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Wakili ya karɓe mu da fura, ya ce a bar masa takardar kwana ɗaya ya duba ya sa albarka. Washegari ya maido ta lafiya.

A Dutse an karɓa, an buga hatimi. Ma'aikacin ya ce za a sa rana.

Zaituna dai ta ƙi sakin jiki. Ta ce ɗan Wakili direban tifa ne wajen Maikasuwa, sunana kuma ya yi kusa da sama. Ni ban ga abin damuwa ba. Ke me kika gani?

Musaddiƙ

*

Abuja
25 ga Oktoba

Bawana,

Na samu taka, na ji daɗin labarin Khadijat. Ni ma lafiya, sai mura daga na'urar sanyin da kake yi mini gori a kanta.

Ɗari biyu da goma sha huɗu! Na karanta wa shugabar ofishinmu, Hajiya Uwa, har ta cire tabarau. Ta ce a sa ku a rahoton ƙarshen shekara. Ka shirya, wata rana za ka ga kanka a majigi.

Zancen Wakili kuwa, mutanenmu ke nan. Ko ƙarar mutum za su kai, sai sun biya sun gaishe shi sun sha furarsa. Ban so ba, amma hatimi ya riga ya hau, ba wanda zai kankare shi.

Ka ce wa Zaituna ta kwantar da hankali, wannan zamanin doka ne. Kai kuma idan lamba bakwai ta yi maka nauyi, ka faɗa, in roƙi akawu ya mayar da sunanka ƙasa cikin mata. Dama tun muna yara ni ke shiga gaba idan za a wuce gidan mai kare.

Nafisat

*

Kwarin Ɗinya
2 ga Nuwamba

Nafisat,

Sallama. Inna da Zaituna lafiya. Sauran ba lafiya ba.

Ranar Asabar da hantsi Kawu Ashiru yana dawowa daga gonar dawa, mutum huɗu a kan babur biyu suka tare shi, sun naɗe fuska da rawani. Suna riƙe da kwafin takardarmu. Ɗaya ya karanta masa sunansa, ya ce kai ne na ɗaya? Suka fito da wata takarda da tawada, suka danna babban yatsansa a kai. Sannan suka ɗora hannun a kan dutse, suka sa guduma. Sau uku. Tsoho mai shekara saba'in da takwas. Da ya faɗi suka ce ya gaida na biyu.

Liman ranar Litinin, a hanyar zuwa ɗaurin aure. Hamma jiya, a gaban teburinsa, kasuwa na ci. Shi ya yi kokawa, ya yanki ɗaya a damtse, saboda haka bayan yatsan suka fasa masa kai da ƙotar gatari. Mutane sun watse. Ba na zargin kowa, ni ma ban san abin da zan yi ba da ina wurin.

Bin jerin suke yi daki-daki, yadda muka tsara musu shi da hannunmu. Mun kai rahoto, an rubuta, an ce ana bincike, amma ba wanda ya ga fuska. Da na tunkari Wakili sai ya yi ta salati, ya ce shi a Roni kawai ya sa aka yi masa kwafi don ajiya.

Yatsan Kawu ya kumbura har gwiwar hannu, kin san yana da ciwon suga. Duk da haka ya sa aka kira matasa bakin gadonsa, ya ce wanda ya ƙona tifa bai yafe masa ba.

Saura uku a zo kaina. Zaituna ta ce mu tafi Babura wajen iyayenta. Na karanta wasiƙarki ta ƙarshe sau da yawa. Kada ki roƙi akawu komai. A bar sunana inda yake.

Musaddiƙ

*

Abuja
6 ga Nuwamba

Musaddiƙ,

Ban san yadda zan fara da gaisuwa ba. Yaya Baffa? A kai shi asibiti yau, ko yana so ko ba ya so.

Wasa nake yi. Maganar mata da maganar kare, wasan taubasai ne irin wanda muka saba tun kafin mu iya karatu. Kai ka fi kowa sanin bakina. Ka ɗauki Zaituna da Goggo ku tafi Babura ranar da wannan ta same ka. Ka faɗa wa na huɗu da na biyar da na shida su ma su bar gari. Barin gari ba janye koke ba ne. Sunanka yana Dutse cikin fayil, ba ya bukatar ka tsaya gadinsa a hanyar gona.

Na kira wayarka sau ba adadi. Na kira ma'aikacin kwamitin, mutumin kirki ne, ya ce an sa ranar ashirin da bakwai ga wata. Na rubuta wa ɗan majalisarku da shugaban 'yan sandan jiha, na haɗa da kwanan wata da sunayen mutum ukun. Abin da na iya ke nan, rubutu.

Na ce wa Salisu ya miƙa maka wannan hannu da hannu. Ka tafi.

Nafisat

*

Abuja
14 ga Nuwamba

Musaddiƙ,

Da fatan kuna Babura lafiya, kuma shirun naka na fushi ne. Idan fushi ne na karɓa.

Na je tasha sau uku ban ga Salisu ba. An ce motarsa ta lalace a hanya, ba wanda ya san inda take. Wannan ta hannun wani direba na ba da ita, ban ma san sunansa ba.

Ma'aikacin kwamitin ya kira ni ɗazu. Wata takarda ta iso musu, wai shugabannin masu koke sun janye, sun sasanta a gida. Na tambaye shi yatsu nawa ne a jiki. Ya ce bari ya ƙirga. Ina riƙe da waya ina jin ƙarar takarda. Ya ce bakwai.

Ka rubuto.

Nafisat

*

Kazaure
17 ga Nuwamba

Anti Nafisat, ni ce Zaituna nake rubutawa, shi yake faɗa. Ya ce kada in gyara masa magana.

Nafisat, sallama. Ina asibiti, da sauƙi. Wasiƙunki biyu jiya suka zo tare. Ta farkon kwana tara ta yi cikin motar Salisu a garejin Zariya. Ya zo har nan yana kuka, na ce ba laifinsa ba ne.

Allah ya yi wa Kawu Ashiru rasuwa ranar Juma'a, goma ga wata. An yanke hannun amma ciwon ya riga ya shiga jini. Mun hau tudu don mu sanar da ke, muka tarar da mutanen nan masu guduma zaune a can kan baburansu, muka juyo. Allah ya ba mu haƙuri, ya jiƙansa.

Ni ranar Litinin suka zo, ƙarfe goma, ina aji huɗu muna lissafi. Na roƙe su mu fita waje, suka yarda. A bayan aji suka yi, kan dutsen da ake buga ƙararrawa. Ban yi kokawa ba saboda tagogi a buɗe suke. Da suka gama, wanda ya riƙe gudumar ya ce malam ne, a ƙara masa. Suka ƙara da manuni da na tsakiya. Likita ya ce babban ba zai gyaru ba, sauran biyun sai an gani.

Na ji kin ce wasa kike yi. Na sani, Nafisat, tun ranar na sani. Amma na duba jerin na ga tsofaffi shida a gabana ba wanda ya gudu, ga maganarki kuma a aljihuna. Ko da wasiƙarki ta shida ga wata ta zo a kan lokaci, ban san ko zan tafi ba. Kada ki ɗauki abin duka ki ɗora wa kanki. Ki ɗauki rabonki kawai.

Tun daga kaina ba su taɓa kowa ba, sun sami abin da suke so. Tifofi suna aiki har da Juma'a. Matasa sun sayi fetur, yana gidan Hamma, kuma yanzu babu Kawu. Na ce su jira ashirin da bakwai ga wata. Sun ce me za a jira, tunda an ce mun janye? Ke ce mai zane da kibiyoyi. Idan akwai saura ki faɗa, idan babu ki faɗa.

Anti, wannan ni ce. Ba ya barci, kuma jiya ya ce in kawo masa alli ya gwada da hagu. Ban faɗa masa zan ƙara wannan ba.

Zaituna

*

Abuja, a tasha
21 ga Nuwamba

Musaddiƙ,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ya huta. Ka gode wa Zaituna, rubutunta ya fi naka kyau tun kana da yatsu goma. Ka ga, ban iya dainawa ba. Na so in goge layin, na bar shi don ka san ni ce.

Na ɗauki rabona, na auna shi. Ni na ce kowa ya sa suna da unguwa da yatsa. A majigi haka yake, kuma daidai ne. Abin da babu a majigin shi ne wanda zai riƙe takardar kafin ta isa. Ni da aka haifa a garin, na san Baffa ba zai tsallake ƙofar Wakili ba, na san za ku jera kanku babba kafin yaro, na san wanda ɗan Wakili yake yi wa tuƙi. Layi ɗaya ya isa in hana. Ban rubuta shi ba, da ka tambaye ni daga baya kuma sai na ɓata wurin da zancen kare.

Akwai saura. Na tambayi ma'aikacin kwamitin ko takardar janyewa ta kashe koke. Ya ce mutum bakwai ba za su janye wa ɗari biyu da bakwai ba, in dai masu koken sun zo da kansu ranar zama sun faɗi haka da bakinsu. Ya ce zama a buɗe yake, kowa yana iya shiga. Na kira 'yan jarida biyu a Dutse da wata lauya da muka yi jami'a tare, duk za su zo. Ban yi maka alkawarin za a tsayar da tifa ba. Abin da na sani, za a ɗaga takarda mai yatsu bakwai a gaban kwamiti, ku kuma shida kuna zaune a layin gaba da hannuwanku. Kada kowa ya sa hannu cikin riga. Khadijat ta zo da sandarta. A bar kujera ɗaya ba kowa, ta Baffa.

Ka faɗa wa Hamma, idan tifa ɗaya ta ƙone kafin ranar, zaman zai koma na ƙona tifa, Dela kuma ba za a ambace ta ba. Ya ba ni kwana shida. Na san na taɓa neman wata biyu.

Za mu kai sabuwar takarda ranar, mai tabbatar da ta farko da bayanin abin da aka yi muku. Na riga na buga ta, tana cikin jakata. Suna ɗaya ne a jiki zuwa yanzu, a layin farko: Nafisat Muhammad Auwal, Unguwar Gabas, gidan marigayi Ashiru. Can zan sauka, can zan kwana. Na dangwala da tawadar ofis. Dattawa za su ce mace, kuma yarinya, ta hau gaban Liman. Ka ba su haƙuri, ka ce 'yar Abuja ce ba ta da kunya. Wanda ya ga dama ya sa nasa a ƙasa, yadda ya zo, ba babba ba yaro. Wannan kuma ba za ta kwana a gidan kowa ba.

Da safe na nemi hutu wajen Hajiya Uwa. Ta yi mini ta'aziyya sosai, har da riƙe hannu. Sannan ta tuna mini cewa ƙungiyarmu ba ta shiga rikici, horarwa kawai take yi, kuma akwai taron bita ranar ashirin da bakwai, ni ce mai majigi. Na miƙe zan fita, sai ta ce idan da hali in sa a turo hotunan yatsun, masu haske, don rahoton ƙarshen shekara.

Na ce mata to. Na koma ofishina na kashe na'urar sanyi, na ciro katin aiki daga wuyana na ajiye kan tebur tare da makulli. Jakar mai tambari na ɗauka, tana da ƙarfi, takarda ba ta lanƙwashewa a ciki. Ƙofar ofishin irin mai komawa da kanta ce, a hankali, ba a iya buga ta ko an so. Na tsaya a baranda har na ji ta rufe, sannan na sauko.

Salisu ya gyara mota, saura mutum ɗaya ta cika. Ni da wasiƙar nan tare za mu taho. Zai kawo maka ita asibiti, ni zan wuce wajen Goggo in yi gaisuwa tukuna. Na rubuta ne don idan na ga hannunka ba zan iya faɗin ko ɗaya daga ciki ba.

Ga mutumin ya zo, ana kiran a shiga.

Ta ɗaya a jeri,
Nafisat